Karatun Muhalli Bayan Digiri na Farko: Yadda Za Mu Taimaki 'Ya'yanmu Su Zaɓa

'Yan'uwa manoma, a 'yan shekarun nan ƙungiyoyinmu na gama kai suna samun wani irin roƙo wanda iyayenmu ba su san shi ba. Dā abin da akan kawo gaban kwamiti shi ne rancen taki, ko na shanun huɗa, ko kuɗin makarantar sakandare. Yanzu kuwa sai ka ga yaro ya gama jami'a, ya yi bautar ƙasa, ya dawo gida ya ce yana so ya koma ya yi digiri na biyu a kan muhalli. Ubansa ya kawo maganar gaban taro, gama kuɗin ya fi ƙarfin rumbu ɗaya. Waɗansu sukan ce a ba shi, ai karatu ba ya yawa. Waɗansu kuma sukan ce a hana, tun da digirin farkon ma bai kawo aiki ba.

Duka biyu akwai garaje a ciki. Kuɗin ƙungiya gumin mambobi ne, shekara biyu kuwa a rayuwar saurayi ko budurwa ba ƙaramin abu ba ne. Saboda haka muka ga ya kamata mu bayyana mene ne wannan karatu, ina ake yinsa, da abin da za mu tambaya kafin mu buɗe asusu. Shawararmu ɗaya ce: a fara da matsalar da ke damun ƙasarmu, sa'an nan a nemi malami da makarantar da za su koya wa yaron maganinta.

MENE NE KARATUN MUHALLI?

Muhalli shi ne duk abin da ya kewaye mu wanda muke rayuwa da shi: ƙasa, ruwa, iska, itatuwa, dabbobi, har da mu mutane da yadda muke amfani da su. Sau da yawa za ku ji an haɗa shi da wata kalma, watau ɗorewa. A 1987 wani kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya a ƙarƙashin Gro Harlem Brundtland ta ƙasar Norway ya bayyana ma'anarta, cewa mutanen yau su biya bukatunsu ba tare da sun toshe wa na gobe hanyar biyan nasu ba. Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Manomin kirki, komai tsananin yunwar bazara, ba ya cinye irinsa.

Amma sunan muhalli kamar sunan kasuwa ne. Wanda ya ce zai tafi kasuwa bai gaya maka kome ba tukuna, sai ka san ko kara zai nufa ko rumfar hatsi. Ga manyan rassa guda shida.

1. Ƙasa da amfanin gona. A nan ake koyon auna ƙarfin ƙasa, hana zaizaya, da raya gonar da ta gaji har ƙuduji ya mamaye ta. Ya dace da wanda ya karanta aikin gona ko kimiyyar sinadarai.

2. Itatuwa, daji da namun daji. Ana koyon renon dashe, kula da gandun daji, da kiyaye tsuntsaye da ƙwarin da ke taimakon amfanin gona, kamar ƙudan zuma.

3. Ruwa. Wannan ya shafi rijiyoyin burtsatse, fadamu, madatsun ruwa da ambaliya. Bayan an gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, tafiyar ruwa zuwa fadamun Haɗeja da Nguru ta sake, ciyawar kacalla kuma ta toshe hanyoyin ruwa da yawa. Manoma da masunta da makiyaya duk sun ji a jikinsu. Wannan reshe yana bukatar lissafi sosai.

4. Lafiyar muhalli. A 2010 gubar dalma daga duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Zamfara. Kududdufan da haƙar kuza ta bari a Filato, da maganin feshi da muke wanke tankinsa a rafi, duk suna ƙarƙashin wannan reshe.

5. Yanayi. Ana nazarin ruwan sama, zafi da fari, ana kuma koyon zana taswira da hotunan tauraron ɗan'adam. Sai mai son lissafi da kwamfuta.

6. Mutane, doka da tattalin arziki. Wa ke da ƙasa? Ina burtali ya bi? Dokar ƙasa ta 1978 ta sa filayen kowace jiha a hannun gwamna, rigingimu da yawa kuwa tsakanin manoma da makiyaya maganar fili da ruwa ce. Wanda ya karanta labarin ƙasa, ko tattalin arziki, ko zaman jama'a, zai iya shiga ta nan.

Akwai kuma kwas na gaba ɗaya wanda akan kira kula da muhalli, inda ake ɗan taɓa kowane reshe. Yana da amfani ga ma'aikacin da ya riga ya ƙware a wani aiki, yana neman faɗaɗa saninsa. Ga yaron da ba shi da sana'a a hannu tukuna, akwai haɗarin ya fito ya san sunan kome, amma bai iya yin ko ɗaya ba.

FARA DA MATSALA

Idan yaro ya zo gaban kwamiti, tambaya ta farko ita ce: wace matsala kake so ka iya warwarewa bayan shekara biyu? In ya ce kwazazzabon da ke cin gonakin bakin rafi, mun san reshen ƙasa ne ko na ruwa. In yarinya ta ce ruwan shan da ke sa yara gudawa kowace damina, mun san lafiyar muhalli ce. In kuwa amsar ita ce, "Abokaina duka suna yi," sai mu roƙe shi da hankali ya koma ya ƙara tunani. Wannan ba wulakanci ba ne, taimako ne.

DARASI DAGA MARAƊI

Abu na biyu shi ne aikin fili. Bari mu ɗauki misali daga makwabtanmu na Nijar. Bayan farin farkon shekarun 1970 an kashe kuɗi mai yawa wajen renon itatuwa a lambu da dasa su, amma yawancinsu suka mutu saboda zafi, da gara, da awaki. A 1983 wani masanin aikin gona daga Ostareliya mai suna Tony Rinaudo, wanda yake aiki da mishan ta SIM a yankin Maraɗi, ya lura cewa 'yan tsire-tsiren da ake sassabewa kowace shekara a gonaki tohon kututturan itatuwa ne masu rai, saiwarsu tana nan zurfi a ƙasa. Idan manomi ya zaɓi toho kaɗan masu ƙarfi ya bar su, ya datse sauran, ya kāre su, sai su zama itatuwa da sauri, ba dashe, ba ban ruwa.

Manoma suka gwada, suka gyara dabarar yadda ta dace da su, ta bazu daga gona zuwa gona. Bayan kamar shekara 20, masu bincike da suka gwada hotunan sama na dā da na baya suka ƙiyasta cewa itatuwa wajen miliyan 200 sun dawo a kan kadada wajen miliyan 5 a kudancin Nijar. Da yawa daga cikinsu gawo ne, wanda yake zubar da ganyensa da damina, ya ba gero taki, bai kuwa hana shi rana ba. A 2018 aka ba Rinaudo wata babbar lambar yabo a ƙasar Suwidin, a shekara ɗaya da Yacouba Sawadogo, manomin Burkina Faso wanda ya raya ƙeƙasasshiyar ƙasa da ƙananan ramuka cike da taki.

Mene ne darasin? Rinaudo ya yi karatu, karatun ne ya sa ya gane abin da ya gani. Amma a bakin gona ya gan shi. Haka ma a Samaru, a shekarun 1960 da 1970, masu bincike irin su David Norman suka bi manoman ƙauyukan Zariya suna auna aikinsu da girbinsu, suka tabbatar cewa haɗa gero da dawa da wake a gona ɗaya hikima ce mai rage asara, a lokacin da waɗansu masana suke ganin ta kamar rashin wayewa. Kwas ɗin da ba ya kai ɗalibi gona, ko rafi, ko daji, zai ba shi rabin ilimi ne kawai.

INA AKE WANNAN KARATU?

Ba za mu iya lissafa dukan makarantu ba, amma ga waɗansu da aka san su da wani reshe na musamman.

Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya tana da Cibiyar Binciken Aikin Gona a Samaru, wadda tushenta ya faro tun 1922. Nan ma hedkwatar aikin malaman gona ta ƙasa take. Jami'ar Bayero ta Kano ta kafa Cibiyar Noma a Ƙasashe Masu Ƙarancin Ruwa a 2012, a 2014 kuma Bankin Duniya ya sa ta cikin zaɓaɓɓun cibiyoyin ƙwarewa na Afirka. Jami'ar Maiduguri tana da cibiyar nazarin yankunan hamada. Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato tana da cibiyar binciken makamashi, wadda ta daɗe tana aiki a kan hasken rana da murhu mai rage cin itace. Jami'ar Jos kuwa tana da cibiyar Leventis a Laminga, kusa da dajin Amurum, inda ake ba da digiri na biyu a kan kiyaye halittu, musamman tsuntsaye.

A ƙetare kusa da mu, akwai cibiyar AGRHYMET a Yamai, wadda aka kafa a 1974 bayan babban fari, domin horar da ma'aikata a kan yanayi, ruwa da aikin gona. Mai son zuwa can sai ya shirya da Faransanci. Akwai kuma shirin WASCAL wanda gwamnatin Jamus ta tallafa, mai makarantun nazarin sauyin yanayi a jami'o'in Afirka ta Yamma, har da Minna, Akure, Kumasi da Yamai. Kowace makaranta da fanninta, waɗansu digiri na biyu, waɗansu na uku, ana kuwa ɗaukar ɗalibai ta hanyar gasa.

Mu lura: jami'a tana iya yin suna a likitanci ko shari'a, amma sashenta na muhalli ya zama ba malamai isassu. Sashen za a bincika.

MALAMI YA FI GINI

A digiri na biyu akan ba kowane ɗalibi malami guda wanda zai duba bincikensa daga farko har ƙarshe. Wannan malami shi ne rabin karatun. In ya san fannin, yana kuma da lokaci, ɗalibi zai ƙaru ya gama da wuri. In ɗalibai sun yi masa yawa, ko kullum yana kan tafiya, takardar ɗalibi tana iya kwana wata da watanni a kan tebur.

Gani ya kori ji. Kafin a biya ko kwabo, yaron ya tafi sashen da ƙafarsa. Ya nemi ɗaliban da suke ciki, da waɗanda suka gama, ya tambaye su: shekara nawa kuka yi? Sau nawa aka fita da ku fili? Kayan awon da ke ɗakin gwaji suna aiki, ko sai an kai samfurin ƙasa wani gari an biya? Waɗanda suka gama bara da bara waccan, ina suke yanzu? Ya shiga laburare ya duba littattafan binciken da ɗaliban baya suka rubuta. Idan ya ga kusan duka takardar tambayoyi kawai aka raba a cikin gari, ba wanda ya auna ƙasa ko ruwa ko itace, to, ya san irin horon da zai samu.

IRIN DIGIRI DA SHARUƊAN SHIGA

Digiri na biyu iri biyu ne. Akwai na bincike, inda bayan darussa ɗalibi yake yin babban bincike ya kāre shi a gaban malamai. Shi ne hanyar mai son koyarwa a jami'a ko zarcewa zuwa digiri na uku. Akwai kuma na ma'aikata, wanda yawancinsa darussa ne, sau da yawa a ƙarshen mako. A jami'o'i da yawa ba a zarcewa da shi zuwa digiri na uku kai tsaye. Yaro ya san wanne yake nema tun kafin ya cika fom.

Galibi ana neman digiri na farko mai daraja ta biyu, da takardar gama bautar ƙasa ko ta yafewa, da cikakken sakamakon da jami'arsa ta farko za ta aika. Mai daraja ta uku ko mai babbar difloma akan ce ya fara yin difloma ta gaba da digiri, wadda takan ci shekara guda. A sa wannan shekara a cikin lissafi.

Lalle ne kuma a tabbata Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, watau NUC, ta amince da jami'ar da kuma kwas ɗin. A Janairun 2024 gwamnatin Nijeriya ta dakatar da tantance takardun digiri daga Benin da Togo, bayan wani ɗan jarida ya nuna yadda ya sami digiri a Kwatano cikin mako shida. Duk wanda ya yi mana alkawarin digiri cikin sauri da araha, mu riƙe kuɗinmu.

LISSAFIN KUƊI

Kuɗin makaranta kashi ɗaya ne kawai. Akwai ɗaki, abinci, mota, kwamfuta, sa'an nan kuɗin binciken kansa, watau zuwa fili, awo a ɗakin gwaji da buga littafi. Nan ne ɗalibai da yawa suke maƙalewa, domin ba wanda ya tuna da shi tun farko. A takarda karatun yakan ci shekara ɗaya da rabi zuwa biyu, amma yajin aikin malaman jami'a ya ci wajen wata 9 a 2020, ya kuma ci wata 8 a 2022. Mai hikima yakan ajiye tanadin ƙarin shekara guda.

Game da Turai da Amurka, akwai makarantu masu kyau ƙwarai, kamar Jami'ar Wageningen ta ƙasar Holan wadda ta shahara a aikin gona da muhalli. A Ingila yawancin digiri na biyu shekara ɗaya ne. Amma dalar da gwamnati take sayarwa wajen naira 460 a farkon 2023 ta haura naira 1,500 a 2024. Ba mu ba kowace ƙungiya shawarar sayar da shanu ko jinginar da gona domin wannan tafiya ba. Hanyar da ta dace ita ce neman tallafin karatu, kamar Commonwealth da Chevening na Birtaniya, da DAAD na Jamus, da na Gidauniyar Mastercard. Ana nemansu kyauta ta intanet, watanni da yawa kafin a fara karatu. Wanda ya ce a ba shi kuɗi ya samo wa yaro gurbi, ɗan damfara ne. Tallafin TETFund kuwa na malaman manyan makarantun gwamnati ne. In yaro ya sami tafiya, ya roƙa a bar shi ya yi bincikensa a kan ƙasarmu, gama ƙasar da ruwa yake sauka duk shekara dabam take da tamu mai damina ɗaya.

AIKI FA?

Ƙofofi suna nan. Dokar 1992 ta wajabta a binciki illar manyan ayyuka ga muhalli kafin a fara su, kamfanoni kuwa suna ɗaukar masu yin wannan bincike. An kafa hukumar NESREA mai tsare dokokin muhalli a 2007, da hukumar Babbar Ganuwar Itatuwa a 2015 domin jihohi 11 na bakin hamada. A 2021 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 700 domin shirin ACReSAL na raya ƙasa a jihohin arewa 19 da Abuja. Mai son aikin duba-gari kuwa sai ya yi rajista da majalisar da ke kula da wannan sana'a.

Amma mu faɗa wa 'ya'yanmu gaskiya. Masu nema sun fi guraben yawa, shiri mai kuɗin waje kuma yana da ranar ƙarewa. Abin da zai riƙe mutum shi ne abin da hannunsa ya iya: auna ƙasa, gano inda ruwa yake, zana taswira, renon dashe, ko rubuta rahoto mai ma'ana. Mai irin wannan sana'a, ko gwamnati ba ta ɗauke shi ba, manoma za su neme shi.

ABIN DA ƘUNGIYA ZA TA YI

In an amince za a taimaka, a rubuta yarjejeniya a gaban shaidu: nawa ne, rance ne ko kyauta, yaushe za a fara biya. A ba da kuɗin kashi-kashi, kowane zango bayan an ga rasit da sakamako. A duba roƙon 'ya mace da ma'auni ɗaya da na ɗa namiji, gama matanmu ne suka fi sanin nisan rijiya da tsadar itacen girki.

Ƙungiya kuma tana da abin bayarwa wanda ya wuce kuɗi. Ɗalibai da yawa suna wahalar samun gonakin gwaji da manoman da za su saurare su, mu kuwa muna da su. Mu ba yaron fili, mu buɗe masa littafin girbinmu, dattawa su gaya masa yadda rafin yake a shekarun baya. Shi kuma ya yi alkawari zai zo taro ya bayyana mana abin da ya gano, da Hausa ko da harshen garinmu, yadda kowa zai gane. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

TAMBAYOYI DOMIN TARONKU NA GABA

1. Waɗanne matsaloli uku na ƙasa, ruwa ko itace suka fi damun ƙauyenmu?
2. A cikin rassa shida ɗin nan, wanne ne ya shafi kowace matsala?
3. Akwai ɗanmu ko 'yarmu da karatunsa na farko ya dace da wannan reshe?
4. Nawa asusunmu zai iya ɗauka ba tare da rancen taki na bana ya tsaya ba?
5. Wa za mu naɗa ya raka yaron ya ga makarantar da malamin?

Muna roƙon sakataren kowace ƙungiya ya karanta wannan bayani a taro, a gayyaci matasan da suka gama jami'a su zauna tare da iyaye. Wanda yake da ƙarin tambaya ya ba malamin gona na yankinsa, za mu amsa a fitowa ta gaba.